ITACEN DA KE KORE DA RANI
Magana a kan Lura da Wadar Zuci

Ko kana zaune a zaure ne, ko a gindin tsamiya, ko kuwa wani ne yake karanta maka wannan 'yar takarda, ina roƙonka ka ba ni aron hankalinka kaɗan. Zancena a kan wani ciwo ne wanda ba ya kwantar da mutum, ba a kuwa sayar da maganinsa a kasuwa. Mai wannan ciwo yana ci, yana sha, yana fita gona tare da mutane, amma ransa ba daɗi. Idan ya tashi da safe sai ya ce a zuciyarsa, jiya kamar yau, yau kuma kamar gobe, ina amfanin wannan duka? Na san ciwon nan sarai, gama ya taɓa kama ni. Domin wannan ina so in gaya maka yadda Ubangiji ya nuna mini hanyar warkewa, ko kai ma ka amfana.

YADDA CIWON YA KAMA NI

Wanda ya san ƙasar Tofa, yamma da birnin Kano, ya san ba ƙasar daji ba ce. Daga Lambu zuwa Langel, daga Doka zuwa Yanoko, gona tana manne da gona, gida yana hangen gida. Ba a barin fili ya huta. Kowace damina ana shuka gero da dawa, a saka wake da gyaɗa a tsakani; kowane rani ana kwashe takin turke a kai gona. Haka kakanni suka yi, haka jikoki suke yi.

A cikin wannan zama na tashi, ban kuwa ga laifinsa ba, sai da tsararrakina suka fara tafiya. Waɗansu suka shiga birni, waɗansu suka kama dako da awo a kasuwar hatsi ta Dawanau, waɗansu suka nufi Ikko. Idan suka zo ganin gida da sabon babur da wayar hannu mai tsada, sai in dubi fartanyata in ji kunya. Sannu a hankali gonar da ke ciyar da ni ta zama mini kamar kurkuku. Addu'ata ta koma maganar baki kawai. Ina gode wa Allah a kan tuwo, zuciyata kuwa tana ƙorafi a kan miya. Na zama mai saurin fushi da iyalina, har yarana suka riƙa yin tsit idan sun ji sallamata. Ban yi sata ba, ban sha giya ba, saboda haka na ɗauka ba ni da zunubi. Ashe rashin godiya ya riga ya cinye ni ta ciki, kamar yadda gara ke cinye azara.

TAMBAYAR WANI TSOHO

Wata rana cikin bazara, sa'ad da zafi ya tsananta, ina dawowa daga kai taki, sai na raɓe a inuwar wani gawo da ke bakin gonarmu. Na iske wani tsoho maƙwabcinmu a wurin, Musulmi ne mai tsoron Allah, ya sauke wa jakinsa mangala yana hutawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ga kwanan nan fuskarka ba walwala." Na ce, "Baba, na gaji da garin nan ne. Babu wani abu sabo a cikinsa."

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Shekara nawa kana wucewa ta gindin itacen nan?" Na ce, "Tun ina yaro, Baba." Ya ce, "To, dubi kuka can, ta tsaya tsirara ba ko ganye ɗaya. Don me wannan yake kore yanzu? Don me kuma idan ruwa ya sauka, itatuwa duka suka yi ado, shi sai ya zubar da nasa?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na tarar ba ni da ita. Ya ce, "Ni ma ban gama sani ba. Amma tun ina kamarka nake dubansa, duban nan kuwa bai bar ni na gaji da duniya ba." Ya ɗora wa jakinsa mangala ya tafi.

Maganar nan ta soke ni. Na ce babu sabon abu a garinmu, ga shi kuwa ban san ko itacen da na yi shekaru ina fakewa a inuwarsa ba. Daga ran nan na fara tambaya, ga tsofaffi, da malaman gona, da littattafai. Ga kaɗan daga abin da na samu.

Gawo yana da saiwa mai nitsewa ƙasa ƙwarai, har ta kai ga ruwan da saiwar hatsi ba ta isa gare shi ba. Domin haka yake iya yin ganye da rani. Dabbobi sukan taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Da farkon damina kuwa sai ya zubar da ganyensa ya zama taki, rassansa su tsaya fayau, rana ta sami hatsin da ke ƙarƙashinsa. Watau yana ba da inuwa lokacin da ake bukatar inuwa, yana janye ta lokacin da za ta cuci shuka. A shekarun 1960 masu bincike a ƙasar Senegal suka auna geron da ke gindin gawo da wanda ke fili, suka tarar na gindin gawon ya ninka. Ana kuma ba da labari cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana saran gawo, da horo mai tsanani a kan wanda ya taka dokar.

Tambaya ɗaya ta haifi wata. Na ce, don me kakanninmu ba su raba wake da dawa? Aka ce mini in tone gindin wake ɗaya in duba. Na tone, na ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa; na fasa ɗaya da farce, na ga cikinsa ja-ja. Aka gaya mini a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, suna kamo wani sinadari daga iska wanda masana ke kira naitirojin, suna ba shuka, shi ne kuwa ƙarfin takin zamani da ake kira yuriya. Sai a shekarar 1886 masana a ƙasar Jamus suka tabbatar da wannan. Amma manomin ƙasar Kano ya daɗe da sanin cewa wake yana gyara gona, gama ya lura. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya jawo hankalinsa shi ne yadda ƙasa mai ɗimbin jama'a haka take ba da amfani shekara bisa shekara ba hutu, ta wurin taki, da wake, da itatuwa, da dabbobi. Ka ji fa, ya mai karatu: mutum ya ƙetaro teku domin ya yi mamakin gonar da ni nake rainawa.

ALLAH YANA MAGANA DA MAI RATSEWA

Kada ka zaci wannan zancen noma ne kaɗai. Ka tuna da Musa, kamar yadda aka ba da labarinsa cikin Littafin Fitowa, sura ta 3. Ya tashi a fadar Fir'auna, ya ƙare yana kiwon tumakin surukinsa a jejin Madayana. Idan akwai mutumin da ya isa ya ce kwanakinsa sun zama banza, Musa ne. Ran nan kuwa ya hangi wani ɗan kurmi yana cin wuta, amma bai ƙone ba. Da ya ga dama da ya wuce, gama makiyayi ya saba da ganin wuta a jeji. Amma ya lura akwai abin da ya bambanta, ya ratse daga hanya domin ya san dalili. Sa'an nan ne Allah ya kira shi da sunansa. Kiran da ya fitar da al'umma guda daga bauta ya iske mutum a bakin aikinsa na kullum, ya kuma iske shi yana tambaya.

Ka dubi Ubangijinmu Yesu Kristi kuma. Ya zauna a Nazarat, ƙaramin gari wanda mutane ke rainawa, yana sana'ar sassaƙa, har ya kai wajen shekara talatin kafin ya fara wa'azi. Da ya fara koyarwa, daga ina ya ɗebo misalansa? Daga mai shuka da irinsa, da mace mai cuɗa gari da yisti, da kaza mai rufe 'yan tsakinta, da matar da ta share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓace. Sa'ad da ya ga almajiransa suna alhinin abinci da sutura, sai ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji domin su ɗauki darasi. Wanda yake magana haka, lalle ya yi shekaru yana duban ƙananan al'amura da idon ƙauna. Idan Ɗan Allah bai raina zaman ƙauye ba, ni wane ne da zan raina shi?

KURMIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Ga wani labari na zamaninmu daga ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970, gonaki da yawa a can sun zama fili fetal, gama an sare itatuwa, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa, mafi yawansu suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. Wata rana a shekarar 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin waɗanda ya saba wucewa yana zaton ciyayi ne marasa amfani. Wannan karo ya matsa kusa ya dubi ganyen, sai ya gane ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, yana tohowa. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Itatuwan da yake wahalar dasawa suna nan tun dā a ƙarƙashin ƙasa, da saiwarsu.

Abin da ya rage shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kiyaye su daga wuta da gatari. Mutanen can suka kira wannan sassabin zamani. Manoma suka koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye, har aka ƙiyasta gonakin da suka sake samun itatuwa a Nijar sun kai wajen hekta miliyan 5. Ka lura, ba a kawo wani sabon abu daga waje ba. Abin da ya sake shi ne idon mai dubawa. Ina tsammani zuciyar mutane da yawa kamar gonakin nan take. Suna ganin ta zama hamada, suna neman farin ciki daga nesa su dasa, yana ta mutuwa. Alherin da Allah ya riga ya shuka kuwa yana nan da ransa, ana tattaka shi kowace safiya.

SON SANI IRI BIYU NE

Amma sai in gargaɗe ka, gama ba kowane son sani ne yake daga wurin Allah ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata; sun kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Uwarmu Hauwa'u ma ta so ta sani, amma nata son sanin ya taso daga zargin cewa Allah ya ɓoye mata wani alheri. Akwai mai son sanin abin da maƙwabcinsa ya zuba a rumbu, da abin da ya haɗa wane da matarsa. Wannan sa ido ne, 'yarsa kuwa gulma. Akwai mai zuwa wurin boka ko mai duba domin ya leƙa abin da Allah ya rufe. Akwai kuma wanda yakan kwana yana shafa gilashin wayarsa, yana kallon gidaje da motocin mutanen da bai sani ba, ya wayi gari yana ƙin nasa. Manzo Bulus ya tsauta wa waɗansu a ikilisiyar Tasalonika saboda sun bar aikinsu sun shiga sha'anin mutane.

Da me za ka bambanta su? Ka dubi abin da tambayar ta bari a zuciyarka. Idan ta bar ka da godiya, da tawali'u, da marmarin taimakon wani, ta gari ce. Idan ta bar ka da hassada, da raini, da ƙaiƙayin baki, ka guje ta kamar yadda kake tuge ƙuduji daga cikin dawa, gama furensa kyakkyawa ne, amma a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse shuka.

WADAR ZUCI BA LALACI BA CE

Wataƙila za ka ce, "Malam, mai jin yunwa ba ya ƙoshi da kallon gawo." Gaskiyarka. Tsofaffinmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Gona tana ƙanƙancewa da rabon gado, taki yana tsada. Ban ce maka tafiya ci-rani zunubi ce ba, ban kuma ce ka yi shiru idan an zalunce ka ba. Ka nemi ilimi, ka nemi halalinka inda Allah ya buɗe maka. Abin da nake faɗi shi ne, idan ka tafi da makahon ido, makahon ido za ka kai birni. Na ga waɗanda suka gudu daga gajiyar ƙauye suka iske ta tana jiransu a tasha, har waɗansu suka nemi kashe ta da kayan maye, suka kashe hankalinsu.

Abin duniya kuma ba shi da tabbas. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka tara buhuna kamar duwatsu har ana kiransu dalar gyaɗa. Fari ya zo, cuta ta auka wa gyaɗa a 1975, hankalin ƙasa kuma ya koma ga man fetur. Yau dalar nan sai a hoto. Gawon da ke bakin gonarmu kuwa yana nan yana aikinsa. Cikin Littafin Mai Wa'azi akwai labarin sarkin da ya tara gidaje da gonaki da zinariya, ya gwada kowane irin daɗi, ya tarar ba su cika masa rai ba. Ƙarshen bincikensa shi ne, jin daɗin abinci da na aikin hannu kyauta ce daga wurin Allah. Bulus kuma yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta cika da murna, ya ce wadar zuci abu ne da ya koya. Tun da koyonta ake yi, ashe kai ma kana iya koyo.

Farin ciki kuwa ba a kama shi da gudu. Ni ban same shi ran da na neme shi ba. Ya zo mini ne ta bayan gida, sa'ad da hankalina ya bar kaina ya koma ga aikin Allah. Ranar da na nuna wa ɗana ƙullin saiwar wake, na ga idonsa ya buɗe don mamaki, ranar ce na fara jin dariya a gidana bayan an daɗe.

ABIN DA ZA KA YI

Ga shawarata, ba ta bukatar ko kwabo. Gobe da safe, kafin ka taɓa wayarka, ka fita ka dubi abu ɗaya da ka saba gani, ko sheƙar tsuntsu, ko gidan tururuwa, ko ƙullin saiwa, ka tambayi kanka yadda aka yi ya zama haka. Idan ba ka sani ba, kada ka ji kunyar tambaya, ko ga yaro, ko ga wanda addininku ba ɗaya ba. Ka tuna ta bakin maƙwabci Musulmi Allah ya farkar da ni.

Sa'an nan ka juya wannan ido ga mutanen gidanka. Shekara nawa kana zaune da matarka, ka taɓa tambayarta abin da ke faranta mata rai, da abin da take tsoro? Ke kuma 'yar'uwa, kin san abin da ke hana ɗiyarki barci? Ka je wurin tsohon da ke unguwarku tun yana da rai, ka tambaye shi yadda suka tsira a shekarar yunwa. Kowane mutum an halicce shi cikin kamannin Allah, ya fi gawo abin mamaki nesa. Wanda kuwa ka tambaya da zuciya ɗaya, ka girmama shi ke nan, nan ne kuma ƙaunar maƙwabci take farawa.

Da dare, kafin ka kwanta, ka ambaci abin da ka gani a gaban Ubangiji da sunansa, ka gode masa. Kada ka ce kawai na gode saboda kome. Ka ce saboda wannan, da wannan. Ka riƙe wannan har damina ɗaya ta zagayo, sa'an nan ka auna zuciyarka.

Tsohon nan ya riga mu gidan gaskiya, ban kuwa sami damar gaya masa duk abin da tambayarsa ta yi mini ba. Domin haka nake miƙa maka ita: shekara nawa kana wucewa ta gindin alherin Allah ba ka ɗaga kai ba?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin gawo da gero, ka gafarta mana rainin da muka yi wa kyautarka. Ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka a gonakinmu da fuskokin iyalanmu. Ka tsare mu daga sa ido da hassada. Ka ba mayunwata abinci, ka ba masu tafiya sa'a, ka ba masu zama wadar zuci. Ka sa mu zama inuwa ga waɗansu a lokacin raninsu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.